Magajiyar Takalma

Ranar da Gwaggo Ishatu ta zo da kwaɗon ƙofa a cikin jakarta, Bahijja tana ƙofar zaure tana aikinta.

Aikin nan nata duk wanda ya taɓa bin layin bayan la'asar ya san shi. Malam Jamaluddeen yana ba magidanta karatun littattafai a zaurensa, su kuwa in sun zo sai kowa ya watsar da takalminsa a bakin ƙofa ya shige, yadda maza suka saba. Bahijja, autar Malam, 'yar shekara goma sha biyu, ita ke bin takalman ɗaya bayan ɗaya. Ta kakkaɓe su, ta haɗa kowane da ɗan'uwansa, ta juya bakinsu waje yadda mai shi zai zura ƙafa kawai ya wuce. Na dattawa kusa da ƙofa, na matasa can gefe, na baƙo a kan dakali shi kaɗai. Ba wanda ya koya mata. Ba ta kallon fuskar kowa, amma ba ta taɓa rikita takalmin wani da na wani ba. In ta ga takalmi a kife kuwa, ko abinci take ci sai ta ajiye ta je ta gyara shi. Idan ta gama sai ta tsuguna ta ƙare musu kallo, ta ce, "Biyu-biyu," ta yi 'yar dariyarta. Ɗaliban suka laƙaba mata suna Magajiyar Takalma.

Fareeda, yayarta, tana tsakar gida tana duba takardun ɗalibanta na sakandare lokacin da Gwaggo ta shigo. Gwaggo Ishatu yayar Malam ce, kuma tun da iyayensu suka rasu ta ɗauki maganarta a matsayin tasu. Ta zauna, ta ture kofin ruwan da aka kawo mata, ta dubi matar ƙanenta.

"Talatu, na ji mutanen Tudun Jukun za su kawo gaisuwar iyaye ran Juma'a. Kun shawarta inda za ku sa yarinyar nan?"

"Wace yarinya, Yaya?" in ji Inna.

"Wace yarinya! Yara nawa gare ku masu zama a ƙofa suna shinshinar takalman maza? Gidan da za a ba Fareeda ba ƙananan mutane ba ne. Irinsu ba sa aure sai sun yi bincike, su tono uwa, su tono kaka, su ji ko akwai kuturta, ko akwai hauka. Su iske wannan a bakin ƙofa, wallahi ko zama ba za su yi ba."

Fareeda ta ajiye jan bironta. "Gwaggo, ba hauka ba ne. Ni na kai ta asibiti. Lalurar galahanga ce, haka ƙwaƙwalwarta ta taso tun tana ciki."

"To, 'yar boko. Mu dai lafiyayyu mun san abin da idonmu ya gani."

Wannan kalmar, lafiyayyu, ita Fareeda ta taɓa faɗa a gaban likitar yaran, shekara uku da suka wuce. Cewa ta yi, "Duk gidanmu lafiyayyu ne, ita kaɗai ce haka." Likitar ta ɗago kai daga rubutu ta ce, "Kar ki ce haka. Ƙanwarki ba zazzaɓi take ba. Akwai yaran da ƙwaƙwalwarsu ke ginuwa ta wata hanya daban: irinta, da yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, da wanda haruffa ke rikice masa a ido. Ku kuma a aikinmu sunanku neurotypical. Ma'anarsa kawai ƙwaƙwalwarki ta taso yadda ta yawancin mutane ke tasowa. Ba a ce kin fi ta hankali ba, ba a ce kin fi ta kirki ba. Ba yabo ba ne, ƙidaya ce. Kun fi yawa, shi ke nan."

Fareeda ta maimaita wa Gwaggo wannan bayani tiryan-tiryan, har da kalmar Turancin.

Gwaggo ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ya yi kyau. Ki rubuta a kwali ki rataye a ƙofa, in dangin manemin naki Khubaib sun zo su karanta. Ɗan gidan Alhaji Labaran da ya yi shekara guda yana zarya a nan ya ɗauke ƙafa, me kike zaton ya kore shi? Murmushinki? Shekararki ashirin da takwas, Fareeda. Ƙannen bayanki a dangi suna goye da na biyu."

Ta zuge jaka ta fito da kwaɗon, sabo fil, da makullansa biyu a zare.

Da aka kai wa Malam maganar bayan magariba, ya daɗe yana jan carbi. Mutum ne da ake zuwa daga nesa a tambaye shi fatawa, kuma mai ilmi in yana neman dalili ba ya rasawa.

"Rufa asiri ba ƙarya ba ne," ya ce. "Sannan yarinya ta fara tasawa, bai dace ta ci gaba da zama gaban maza ba. Na daɗe ina tunanin haka."

Shekara bakwai tana zaune a wurin, bai taɓa faɗa ba sai ranar.

"Yini ɗaya ne kawai," in ji Inna, tana kallon ƙasa. "Ba ma yini ba, awa uku."

Duk suka juyo suka dubi Fareeda. Ta buɗe baki. Sai ta tuna Khubaib, da yadda yake sauraronta har ta kai ƙarshen zance, abin da ba ta saba samu ba. Ta rufe bakin.

Ɗakin da aka zaɓa shi ne na ajiya, can baya kusa da rijiya. Rufin kwano ne ba silin, taga ɗaya ƙarama a sama, kuma bangonsa ɗaya da gidan maƙwabta masu injin markaɗe. Lokacin kuwa bazara ce. Aka kwashe buhuna aka shimfiɗa tabarma.

Sai dai shigar da ita ya gagara. Bahijja ba ta yarda a taɓa ta, ba ta kuma shiga wurin da ba ta saba ba. Inna ta yi lallashi, Gwaggo ta yi tsawa, yarinya ta toshe kunnuwa ta tsaya kamar an dasa ta. Baƙi kuwa sun bugo waya sun ce sun taso.

Fareeda ce ta san dabarar. Wa zai sani in ba ita ba? Ita ke yi mata kitso, ita kaɗai ta san cewa miya ba ta taɓa tuwo a farantin Bahijja, kuma sunanta kaɗai yarinyar ke kira a duniya. Ta tattara takalman gidan, nata da na Inna da tsofaffin Malam, ta zuba su a tsakiyar ɗakin, ta kife wasu.

"Bahijja, zo ki gani. Sun watse."

Yarinyar ta leƙa. Ta shiga da sauri, ta durƙusa, ta fara haɗawa. Fareeda ta fito da baya, Gwaggo ta ja ƙofa. Kwaɗon ya yi 'yar ƙara.

Daga ciki aka ji, "Biyu-biyu." Can an jima aka ji, "Ida?" Haka take kiranta.

Baƙi suka zo, suka ci, suka yaba tarbiyyar gidan, aka sa rana mako bakwai.

Da a nan aka tsaya, da ba a sami labarin bayarwa ba. Amma ran Talata sai ga ƙannen Khubaib biyu sun faɗo ba sanarwa, wai sun zo ganin amaryarsu. Allah ya sa Bahijja tana banɗaki, Inna ta tsaya ta tokare ƙofar da bayanta har suka tafi. Washegari Gwaggo ta zo ta yanke hukunci: daga hantsi zuwa magariba, kullum, har a ɗaura. Ta bi gidajen layin ɗaya-ɗaya tana roƙon arziki, duk wanda aka tambaya ya ce yarinya tana wurin dangin uwarta.

A makon farko Bahijja ta yi ta jera takalman nan guda goma sha biyu, ta wargaza, ta sake jerawa. Injin markaɗe kan tashi da hantsi, sai ta cusa kanta tsakanin gwiwoyi tana wani gunji a maƙogwaro. Amma la'asar ce ta fi muni. Tana jin kiran salla, tana jin fas-fas ɗin takalma ana watsarwa a ƙofar zaure, sai ta tashi ta kama bugun ƙofa da tafin hannu. Ba kuka take ba. Bugu ne kawai, a jere, har a tashi karatu.

Ɗalibai suka fara tambaya. Malam Sabo, wani tsohon tela da ya fi kowa daɗewa a zauren, ya ce, "Allah gafarta Malam, ina Magajiya? Jiya da ƙafa ɗaya tawa ƙafa ɗaya ta wani na isa gida, iyali suka ce ko tsufan ne ya fara."

Aka yi dariya. Malam ma ya yi.

"Tana ciki," ya ce. "Mu ci gaba. Ina muka tsaya?"

A mako na biyu ta daina bugu da hannu, ta koma yi da goshi. Fareeda kan dawo daga makaranta ta shige ɗakinta ta kunna rediyo. Da magariba in an buɗe, ita ke gasa mata kumburin da ruwan ɗumi, tana ce mata, "Saura kaɗan, kin ji? Saura kwana talatin da biyar." Bahijja ta ce, "Biyar." Ta saba maimaita kalmar ƙarshe, shi ya sa Fareeda ta ɗauka kamar sun yi yarjejeniya.

A mako na uku wata gwaggon ango ta zo duba ɗinkunan lefe. Ana cikin hira ta karkata kai ta ce, "Hajiya, me ke bugawa haka a bayanku?"

"Tunkiya ce," in ji Inna. "Mun ɗaure ta saboda ɓarna."

Ta faɗa ba tare da muryarta ta yi rawa ba. Bayan baƙuwar ta tafi ta shiga kicin ta yi kuka, ta wanke fuska, ta ɗora girki.

Gwaggo ta zo da maganin wannan ma. Wata kwalba ce daga kyamis, maganin mura mai sa barci.

"Cokali biyu da safe. Jarirai ma ana ba su. Ai taimakonta ne, ta huta, ku huta."

"Gwaggo, wannan ba a sha kullum," in ji Fareeda. "Bari in kira likitarta."

"Kira ta. Ki ce mata kun kulle yarinya mako uku, ki ji abin da za ta ce. In kin gama ki kira Khubaib shi ma."

Fareeda ba ta kira kowa ba. Da Khubaib ya tambaye ta a waya, "Wai ina autarku ne? Ban taɓa ganinta ba," ta ce tana wurin dangin Inna. Ta yi mamakin yadda maganar ta fito mata da sauƙi.

Bugu ya tsaya. Gida ya yi tsit, kowa ya ce an sami sauƙi. Cokali biyu ya daina kamawa, Inna ta koma auna uku. Bahijja ta fara barin tuwonta, har wanda miya ba ta taɓa ba. Yawu ya riƙa zubo mata a gefen baki. Yarinyar da tun tana shekara shida ba ta sake ɓata shimfiɗa ba, aka fara shanya tabarmarta kowace safiya, a bayan rijiya inda baƙo ba zai gani ba. Ƙuraje irin na zafi suka feso mata a wuya da baya. Takalman goma sha biyu suna nan a jere jikin bango, amma ta daina wargaza su.

Saura kwana goma sha ɗaya biki, Inna da Gwaggo suka tafi kasuwa sayen kayan ɗaki, aka bar wa Fareeda makulli. Ranar an manta ba a ba da maganin ba. Fareeda tana zaune aka kira la'asar. Ta saurara ta ji ko za a buga. Ba a buga ba. Wannan shirun ne ya tashe ta tsaye.

Ta buɗe. Zafi da zarni suka bugi fuskarta. Bahijja tana tsaye a bayan ƙofar, goshinta jingine da katako, wa ya san tun yaushe. Haske ya sa ta runtse ido.

"Ida," ta ce. "La'asar."

"E, la'asar. Zo mu je."

Ta fito tana tangaɗi kamar mai koyon tafiya. Ta bi gefen bango, ta wuce rijiya, ta wuce igiyar shanya. Daga nan ana hango ƙofar zaure, ana jin fas-fas. Yatsunta suka fara motsi tun kafin ta isa. Fareeda ta ga gefen bakin yarinyar ya ɗaga, dariyar nan tana son dawowa.

Sai waya ta yi ƙara. Khubaib ne.

"Amarya, ƙannena su Jannat suna cikin keke, sun shigo layinku da mai lalle, wai za a gwada miki zane. Na ce bari in gaya miki kar su same ki da ɗaurin ƙirji."

Yana dariya.

Taku biyar ya rage tsakanin Bahijja da zaure. Fareeda ta san ba a taɓa ta. Ta fi kowa sani. Ta cafki wuyan hannunta ta ja.

Ƙarar da yarinyar ta yi ba mai ƙarfi ba ce, jikinta ba shi da sauran ƙarfin. Ta tirje, ta kama igiyar shanya, igiyar ta tsinke, kayan suka zube. Fareeda ta sa hannu ta toshe mata baki, ta ja ta a ƙasa har ɗakin, ta tura ta ciki. Tana danna kwaɗo ana sallama.

"Lale, lale da ƙannena! Ku shigo. Iska ce ta zubar mana da shanya."

Aka yi mata zanen lalle a hannun da ta toshe bakin. Aka yi ta shewa.

Daga ranar Bahijja ba ta sake cewa Ida ba.

An ɗaura aure ran Asabar da hantsi. Layin ya cika har bakin titi, 'yan acaɓa sai zagayawa suke ta wani layin. Saboda taron, Gwaggo da hannunta ta ba da cokali huɗu. Fareeda tana ɗakin Inna a lulluɓe, ƙawaye kewaye da ita, sai ta ji ana cewa mata su gyara, waliyyin ango zai shigo gaida iyaye. Alhaji Kailani ke nan, baffan Khubaib, dattijo mai 'yar fara'a. Malam ne ya shigo da shi. Aka shimfiɗa masa darduma a bakin ƙofar ɗakin, labule kaɗai ke tsakaninsa da amarya.

Bayan gaisuwa da addu'a ya ce, "Hajiya, yau da aka gama zan tona wa kaina asiri. Allah gafarta Malam ma bai gane ni ba. Wata huɗu da suka wuce, tun yaronmu bai gama faɗa mana sunan yarinyar ba, yayana ya ce in zo in yi bincike. Kun san ba a yin sa da sanarwa. Na sa tsohuwar riga na zo na zauna a karatun la'asar kamar baƙo. Da aka tashi na fito na rasa takalmina. Sai na gan shi a kan dakali, an goge, an juyo mini da shi. Ga wata yarinya tsugune tana kallonsu tana murna. Na ce wa Malam, wannan fa? Ko ka tuna abin da ka ce mini?"

Alhaji ya ci gaba.

"Cewa ka yi, 'Ɗiyata ce, Bahijja. Allah ya yi ta daban, kuma duk ta fi mu tsari.' A gaban mutane, kanka a sama. Ni ina da jika irinta, namiji, a Kaduna, na san yadda mutane ke yi da su. Na koma na ce wa yayana, binciken ya ƙare. Gidan da ba su ɓoye irin wannan yarinya ba, ba za su ɓoye mana komai ba. Ku nemi auren ko nawa ne shekarun yarinyar."

Ya jawo wata leda daga aljihun babbar riga.

"Na riƙo mata tsaraba. Matanmu sun ce duk zuwan da suka yi ba su dace da ita ba. Ina take, in gaishe da Magajiya?"

A bayan labule Fareeda tana jin komai. Ta jira. Malam yana nan, mutumin da ya karantar da babin gaskiya sau ba adadi. Inna tana nan. Ita kanta tana nan, labule ne kawai, kuma an riga an ɗaura, ba abin da zai warware. Kalma ɗaya ta isa.

"Ta ɗan kwanta, Alhaji," in ji Gwaggo. "Hayaniyar biki ta gajiyar da ita."

"Allah sarki. Kar a tashe ta. A ba ta in ta farka."

Ya ajiye ledar ya fita yana sa albarka. Takalmi ne ja, mai maɗauri, daidai ƙafarta. Da ido ya auna.

A yammacin ranar aka cire kwaɗon. Gwaggo ta mayar da shi jaka, ta ce ai ba a san inda zai sake amfani ba.

Sai da Fareeda ta yi wata guda a gidan miji sannan ta zo gida. Ta iske takalma a ƙofar zaure a watse, wani kan wani, wani a kwata. Ta tsallake su ta shiga.

"Tana ina, Inna?"

Inna ta nuna baya da haɓa. "Ƙofar a buɗe take tun ranar. Ita ce ta ƙi fitowa. In an fito da ita sai ta koma. An daina maganin ma, wallahi an daina."

Kowa a gidan ya riga ya sami abin faɗa. Gwaggo ta ce dama irin ciwon nan haka yake, in suka fara girma sai ya yi ta gaba, ai gara da aka yi bikin kafin ya tashi. Inna ta ce ƙaddara ce. Malam yana yi mata rubutu kowace asuba, ya ce jarrabawa ce, kuma Allah yana tare da masu haƙuri. Maƙwabta, waɗanda suka yi mako uku suna jin bugun ƙofa ta katanga, suna cewa Allah ya saka wa gidan Malam, ba kowa zai iya riƙe irin wannan yarinya ba.

Fareeda ta ɗauki ledar Alhaji Kailani daga kan kabad, inda take tun ranar, ta nufi bayan gida.

Bahijja tana zaune a kan tabarma, bayanta jikin bango. An yi mata aski saboda kitson ya cukurkuɗe kuma ba ta bari kowa ya taɓa kan. Wuyanta ya zama kamar na tsuntsu. A goshinta akwai wani baƙin tabo mai kauri, irin wanda ake gani a goshin tsofaffi masu yawan sujada.

"Bahijja. Ni ce. Ida ce."

Ba ta maimaita kalmar ƙarshe ba.

Fareeda ta durƙusa a bakin ƙofa. Ta fito da jan takalmin ta ajiye ƙafa ɗaya a nan, ɗaya can, ta kife ta biyun. Sai da ta gama ta gane abin da hannunta ya yi, kuma ta ga yarinyar ma ta gane. Idon Bahijja ya sauka kan takalmin, ya daɗe. Yatsunta suka motsa sau ɗaya a kan cinyarta. Sannan ta tura hannuwan duka biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta danne su.

Nan Fareeda ta zauna a ƙasa da lesinta na amarci, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka kai ta. Maganar likita ta dawo mata, ba ta kuma zo da wani sanyi ba. Su huɗu ne, kowannensu da ƙwaƙwalwa irin ta yawancin mutane. Sun iya kallon ido, sun iya gaisuwa, sun san abin da ake faɗa wa baƙo da abin da ake haɗiyewa, sun iya hango abin da mutane za su ce tun mutanen ba su yi tunaninsa ba. Da wannan iyawar ɗaya ta sayo kwaɗo, ɗaya ya samo dalili, ɗaya ta auna cokali. Ta huɗun, wadda ta san sunan lalurar da Hausa da Turanci, ita ta watsa takalma. Ita kuwa wadda aka ce ba ta da lafiya, a shekara goma sha biyunta ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba, ba ta ma san yadda ake yi ba. An faɗa wa Fareeda tun farko cewa ba yabo ba ne. Sun fi yawa ne kawai, kuma makulli yana hannunsu.

Aka kira la'asar a masallacin layi. Can ƙofar gida aka fara jin fas-fas, maza suna watsar da takalma suna shigewa.

Bahijja ta ɗago kai. Yarinyar ta miƙe a hankali, ta dafa bango, ta tako har bakin ƙofa, har Fareeda tana jin ɗumin jikinta. Ba ta dubi yayarta ba, ba ta dubi takalmin ba. Ta kama ƙofar da hannu biyu ta rufe ta daga ciki.

Jan takalmin ya rage a waje, ƙafa ɗaya a kife.